Ta ina ake farawa wajen nemo wa yara littafi mai kyau a intanet?

Ummu_Yara:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya ce gare ni ga malamai da ma'aikatan laburare da ke cikin zauren nan. In mutum ya rubuta "littattafan yara masu kyau" a Google, abin da ke fitowa talla ce da jerin "goma mafi kyau" waɗanda ba a san wanda ya tsara su ba. To ta ina ake farawa, kuma da me ake gane littafin kirki kafin a saya ko a sauke? Yaran biyu ne: ɗan shekara 4 da bai fara karatu ba, da 'yar shekara 8 da take karantawa da kanta. Na Hausa da na Turanci duka ake so.

Mai_Laburare:
Wa alaikumus salam Hajiya. Daga wurin farawar matsalar take. Google ba ya auna kyawun littafi. Shafukan da aka tsara don su hau sama yake jerawa, na can ƙololuwa kuma sau da yawa kuɗi aka biya. Yawancin masu jerin "goma mafi kyau" suna da la'ada a kan duk littafin da aka saya ta shafinsu, don haka abin da ke sayuwa suke sawa.

Ki juya abin. Ki fara da jerin da masana suka riga suka tace, ki fitar da suna da marubuci, sannan ki koma Google neman wannan littafin takamaimai. Ga na Turanci akwai lambar yabo ta Caldecott da ƙungiyar laburarorin Amurka ke bayarwa tun 1938 kan zane, da Newbery tun 1922 kan rubutu. A Ingila akwai Carnegie tun 1936. Duk sunayen waɗanda suka ci da waɗanda suka zo kusa suna shafukan ƙungiyoyin, shekara bayan shekara, kyauta. Ɗan shekara 4 a duba masa ɓangaren zane. 'Yar shekara 8 kuwa a yi hattara da Newbery, da yawa daga cikinsu sun fi dacewa da 'yan shekara 10 zuwa sama.

Baban_Tagwaye:
Malam, da girmamawa, amma jerin nan naka yana da ƙunci. Caldecott da Newbery sharaɗinsu littafin a Amurka aka wallafa shi, mai shi kuma ɗan ƙasar ne ko mazauninta. Wanda ya tsaya nan, duniya ɗaya kawai zai nuna wa yaro. Wanda ya fi faɗi shi ne White Ravens, kundin da Laburaren Yara da Matasa na Duniya da ke Munich a Jamus ke fitarwa duk shekara, littafi kusan 200 daga ƙasashe da harsuna masu yawa, kuma ana iya bincikarsa ta ƙasa ko ta harshe. Sai jerin girmamawa na ƙungiyar littattafan yara ta duniya IBBY da ke fita duk shekara biyu, wanda reshen kowace ƙasa ne ke zaɓo nasa.

Mai_Laburare:
Gaskiyarka ɗan'uwa, a haɗa da su. In labaran da suka shafi Afirka ake so, a ƙara da Children's Africana Book Awards. Amfaninsa shi ne masu tantancewar suna duba ko an faɗi gaskiya game da ƙasar da mutanenta, abin da sauran alkalan kan tsallake.

Malama_Aji_Biyu:
Yawancin wannan ba na Hausa ba ne, ita kuwa Hajiya ta ce har da Hausa. Ga inda ake samu kyauta ba tare da satar fasaha ba: African Storybook na cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu, StoryWeaver na Pratham Books ta Indiya da aka buɗe a 2015, Bloom Library na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, da Global Digital Library. A kowanne, kada ki fara da akwatin rubuta kalma. Ki fara zaɓar harshe, sannan matakin karatu, sai daga baya jigo.

Matakan sun bambanta, a nan ake ruɗewa. African Storybook mataki biyar ne: kalmomin farko, jimlolin farko, sakin layi na farko, dogayen sakin layi, sai na biyar wanda babba ne zai karanta wa yaro. A StoryWeaver mataki na 1 bai kai kalma 250 ba, na 3 yana kaiwa 1500, na 4 ya haura haka. Wato mataki na 3 a nan ba shi ne na 3 a can ba. Wani abin kuma, ɗan shekara 4 ba sai an tsare shi a mataki na 1 ba. Mataki na 1 na mai koyon haɗa baƙi ne. Shi da za a karanta masa, kunnensa ya riga idonsa nisa, zai bi labari mai tsawo da faɗi in dai zanen na riƙe shi.

Edita_Mai_Jan_Biro:
Malama ta faɗi wuraren, ni bari in faɗi ramin da ke cikinsu. A yawancin shafukan nan kowa na iya buɗe asusu ya fassara labari ya ɗora. Shi ya sa za ka ga labari ɗaya da fassara biyu ko uku, wata tsaf, wata kuwa na'ura ce ta yi aka manna ba a duba ba. Kasancewar littafi a shafi mai suna bai wanke shi ba.

Gane ta na'ura ba wuya. Ki bi jaruma ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. A shafi na 3 an ce "ta ɗauki tulunta", a shafi na 6 sai ki ga "ya koma gida", alhali a zanen yarinyar nan ce dai. Na'ura na fassara kowane shafi shi kaɗai, ba ta tuna wa ake magana a kai. Sai sunan dabba ko tsiro da ke canzawa tsakanin shafuka, sai kukan dabbobi da aka bari yadda Turawa ke rubuta shi, sai ɓ da ɗ da ƙ da suka ɓace ko suka koma ɗan akwati babu komai ciki. Na ƙarshen nan ba ƙaramin aibi ba ne ga mai koyo, domin abin da idonsa ya saba gani shi zai rubuta. A African Storybook akwai alamar da ke nuna labaran da masu shafin suka duba suka amince, a fara da su. Sannan ko da alamar, ki karanta shafi uku da ƙarfi. Inda harshenki ya sarƙe, nan yaro ma zai tsaya.

Ummu_Yara:
Allah ya saka da alheri. To taurarin da masu saye ke bayarwa fa? In littafi na da huɗu da rabi daga mutum dubbai, ai ba za su haɗu kan ƙarya ba.

Ɗan_Kwamfuta:
Za su iya, Hajiya, ko ba da niyya ba. Manya ne ke ba da taurarin, da yawa kuma a ranar da kayan ya iso, kafin yaro ya buɗe. Abin da ake yaba wa shi ne ya zo da wuri, bangon na sheƙi. Shafin sharhin littattafai na Goodreads ma mallakar kamfanin sayar da kaya na Amazon ne tun 2013, kada a ɗauke shi shaida ta biyu mai zaman kanta. In za ki karanta sharhin masu saye, ki tsallake masu tauraro biyar da masu ɗaya, ki karanta masu biyu da uku. Su ne ke faɗin takamaiman abu: ɗaurin ya saki, rubutun ya yi ƙanana, ƙarshen labarin ya firgita yaro.

Baban_Tagwaye:
Ni ban yarda a zubar da taurari gaba ɗaya ba. Akwai littattafan da alkalai ba sa kallo, masu barkwanci da masu jeri-jeri, amma su ne yara ke karantawa har bango ya yage. 'Yar shekara 8 da ke son a bar ta da littafi, abin da zai sa ta nemi na biyu ya fi lambar yabo muhimmanci. Yawan masu saye na nuna wannan, kwamitin malamai ba ya nunawa.

Mai_Laburare:
Yana nuna talla ma. Amma na ji ka. Tsakiyar maganar ita ce mujallun sharhi da ma'aikatan laburare ke dogara da su: School Library Journal, Booklist, Horn Book, Kirkus. Suna duba har irin waɗanda ka ambata, suna faɗin shekarun da littafi ya dace da su, wanda ya yi fice su sa masa tauraro. Ki rubuta sunan littafin cikin alamar zance, ki ƙara sunan mujallar, sharhin zai fito. Abu ɗaya: Kirkus na da sashe da marubucin da ya buga littafinsa da kansa ke biya a yi masa sharhi, don haka a duba daga wane sashe ya fito.

Mai_Zane:
Bari in shigo da abin da ya fi damun kasuwar yanzu, littattafan da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta ta kuma zana. Sun yi yawan da a 2023 Amazon ta taƙaita wa masu ɗora littafi da kansu zuwa uku a rana. Uku a rana fa. Littafin hoto na gaske, mai shafi 32 da aka saba, kan ɗauki mai zane watanni.

Kada ki yanke hukunci da bango, shi aka fi gyarawa. Ki buɗe samfurin shafukan ciki, ki sa shafi biyu gefe da gefe ki dubi yaron labarin. Rigarsa mai maɓalli uku ce a nan, a can ta koma mai aljihu? Gashinsa ya sauya? Ki ƙirga yatsu. Ki dubi rubutun da ke jikin allo ko kwali a cikin zanen, na na'ura yakan zama tarkacen baƙaƙe marasa ma'ana. Mafi muhimmanci, ki tambayi kanki ko zanen na faɗin wani abu da rubutun bai faɗa ba. A littafin kirki, rubutu zai ce yarinya na neman kyanwarta ba ta gan ta ba, zanen kuma ya nuna jelar kyanwar ta leƙo daga ƙarƙashin gado. Nan ne ɗan shekara 4 zai ɗora yatsa yana ihu. Zanen na'ura fuska ce kawai tana murmushi shafi bayan shafi.

Daga nan ki nemi sunan marubuci da na mai zanen. In babu sunan mai zane sam, ko marubucin na da littafi hamsin cikin shekara ɗaya kuma babu labarinsa a ko'ina, ki wuce.

Edita_Mai_Jan_Biro:
A yi adalci dai, ba duk wanda ya buga da kansa ne mai ha'inci ba. A harsunan da manyan kamfanoni ba su damu da su ba, da yawan masu ƙoƙarin da kansu suke bugawa. Ma'aunin shi ne abin da ke cikin shafin.

Ɗan_Kwamfuta:
Tunda an taɓo basirar na'ura, masu tambayar ta "ba ni littafi goma na 'yan shekara 8" su kula. Takan haɗa sunan marubuci na gaske da littafin da bai taɓa rubutawa ba. A 2025 wata jarida a Chicago ta buga jerin littattafan hutu da aka samo ta haka, goma cikin goma sha biyar babu su a duniya. Duk sunan da ta ba ka, ka sa shi a WorldCat, babban kundin da ya haɗa kasidun laburarori na ƙasashe da yawa. In littafin na nan za ka ga mawallafi, shekara, yawan shafi da ISBN, wato lambar shaidar littafi.

ISBN ɗin nan shi ne maganin sayen abin da ba shi aka nufa ba. Lamba 13 ce tun 2007, tana farawa da 978 ko 979, tsofaffi kuwa 10 ne. Kowane bugu da tasa: mai taurin bango daban, mai laushi daban, wanda aka taƙaita daban. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga sunan sanannen littafi a saya, sai ya zo an yanke rabin labarin don a mai da shi na jarirai mai shafin kwali. Da lambar za ka nema, ba da suna ba.

Dabarun Google kuma ga su a gurguje. Alamar zance tana tilasta masa kawo kalmomin yadda ka jera su. Rubuta site: haɗe da adireshin shafi yana tsare binciken a wannan shafin kaɗai. filetype:pdf na kawo fayil zalla. Alamar ragi kafin kalma na cire ta daga binciken. In da Hausa kake nema, ka gwada sau biyu, da baƙaƙe masu lanƙwasa da kuma ba su, domin wasu sun ɗora sunayen littattafansu da k da d zalla. Haka 'y da ƴ: Najeriya na rubuta na farko, Nijar na biyu.

Malama_Aji_Biyu:
Ɗan_Kwamfuta, wannan filetype:pdf naka takobi ne mai kaifi biyu. Shi ne ke kai mutane shafukan sata masu maɓallin saukewa guda huɗu, uku na talla. Duk "littafin" da ya ƙare da apk ko exe, ko ya ce sai an saka wata manhaja kafin a buɗe, ba littafi ba ne. A haɗa shi da site: na shafin da aka yarda da shi.

Kaka_Mai_Tatsuniya:
Ni tambayata daban ce, 'ya'yana. Duk wannan a waya yaro zai karanta? Ɗan shekara 4 in ka miƙa masa waya, ba labarin zai bi ba, abin dannawa zai nema.

Mai_Ɗab'i:
Ba dole ba ne, Inna. Yawancin littattafan shafukan da Malama ta lissafa suna ƙarƙashin lasisin Creative Commons, an yarda a sauke a buga. Book Dash ma na Afirka ta Kudu haka ne, kuma zanensu na da kyau. A duba shafin ƙarshe na littafin. In BY kawai aka rubuta, a buga, a fassara, a raba, sharaɗin a bar sunayen masu aikin. In da NC, ba a sayarwa don riba. In da ND, ba a raba shi da canji, fassara kuma canji ce.

Wajen bugawa ga inda ake ɓarnar takarda. In shafin na da fayil na karantawa da na bugawa, na bugawar za a ɗauka, an riga an jera shafukansa yadda in an ninke za su bi juna. Takarda ɗaya da aka buga gaba da baya aka ninke tana ba da shafi 4, don haka littafi mai shafi 16 takarda 4 ce, mai 24 takarda 6. A buga gaba da baya, a zaɓi juyawa ta gajeren gefe. In aka bar shi a dogon gefe, bayan kowace takarda zai fito kai a ƙasa. A fara gwada takarda ɗaya kafin a saki sauran. Takarda mai nauyin giram 80 zane mai duhu na ratsa ta, 100 ko 120 ta fi, bango kuma a yi shi da mai kauri. In baƙi da fari za a buga, a zaɓi labari mai zanen layi a fili, domin mai launuka masu duhu yakan koma dunƙulen baƙi.

Kaka_Mai_Tatsuniya:
Madalla. Haka ya fi kwanta mini.

Ummu_Yara:
Na koma kan 'yar shekara 8. Ina ganin lambobi irin su 520L a jikin wasu littattafan Turanci. Shin su ne shekarun?

Malama_Aji_Biyu:
A'a Hajiya, wannan ma'aunin Lexile ne. Abu biyu ya fi aunawa: tsawon jimla da yadda kalmomin suke sananne ko baƙi. Bai san abin da labarin ya ƙunsa ba. Littafi na iya zama mai gajerun jimloli, lambarsa ƙasa, amma yana maganar yaƙi ko mutuwa ta yadda bai dace da ita ba. In kin ga AD kafin lambar, ana nufin babba ya karanta wa yaro. Don sanin abin da ke ciki akwai shafin Common Sense Media, suna rarraba tashin hankali, ashar, abin tsoro da makamantansu. Shekarun da suka sa nasu ne, da mizanin al'ummarsu, don haka bayanin za ki karanta ki yanke naki hukuncin.

Gwajin da ya fi sauƙi shi ne na yatsu biyar. Ki buɗe samfurin littafin, ta karanta shafi ɗaya, duk kalmar da ta gagare ta ta ɗaga yatsa. Babu ko ɗaya, ya yi mata sauƙi. Biyu zuwa uku, daidai. Biyar, a ajiye ko a karanta tare.

Edita_Mai_Jan_Biro:
Gwajin yatsun nan da Turanci yake aiki sosai, Malama. Rubutun Hausa yana bin furuci, yarinya na iya karanta shafi guda tar ba ta ɗaga yatsa ko ɗaya ba, kuma ba ta fahimci rabinsa ba. A na Hausa a rufe littafin a ce ta ba da labarin da bakinta, a tambaye ta me ya sa wane ya yi kaza. Kuma matakin da ke jikin fassara sau da yawa na asalin littafin ne aka kwafo, ba a sake aunawa ba.

Malamin_Kimiyya:
Ba wanda ya taɓo littattafan ilimi, na taurari da dabbobi da ƙasashe, alhali yara da yawa su suka fi so. A nan shekarar bugu ce kan gaba, kuma ta asali za a duba, ba ta sake bugawa ba. Gwaji biyu masu sauri: in littafin sararin samaniya ya lissafa Pluto cikin manyan duniyoyi tara, bayaninsa ya girmi 2006. In taswirar Afirka ba ta raba Sudan ta Kudu ba, ta girmi 2011. A kasidun laburare, alamar Juvenile literature na nufin na ilimi ne na yara, Juvenile fiction kuma ƙagaggen labari. Haɗa ɗaya daga cikinsu da jigon da kake so a WorldCat ko kundin Open Library ya fi rubuta doguwar tambaya a Google.

Baban_Tagwaye:
Tsufa ba a kimiyya kaɗai yake cizo ba. Shafin Project Gutenberg cike yake da tsofaffin littattafan yara kyauta, haƙƙin mallakarsu ya ƙare, amma wasunsu yadda suke zana baƙar fata da mutanen ƙasashen da aka yi wa mulkin mallaka bai kamata yaro ya gani shi kaɗai ba. Babba ya karanta tukuna.

Mai_Laburare:
Wannan haka yake har ga waɗanda suka ci lambar yabo a shekarun baya, ban ware su ba. Sai dai har yanzu ina kan bakana cewa jerin masana ne mafarin da ya fi rage wahala.

Baban_Tagwaye:
Ga na Turanci. Ga na Hausa wane jerin masanan za ta buɗe? Aikin ya dawo kan karatun da Edita ya ce a yi da baki.

Ummu_Yara:
To in mutum ya ci karo da labari mai zane mai kyau amma fassarar ta lalace, sai ya haƙura da shi?

Edita_Mai_Jan_Biro:
Ba sai an haƙura ba. Ki fara duba ko akwai wata fassarar ta labarin, sunan mai fassara na shafin farko ko na ƙarshe, wanda kika ga aikinsa na da tsafta ki danna sunansa ki ga sauran abin da ya yi. In babu, kuma lasisin ba shi da ND, StoryWeaver da African Storybook duka suna barin mai asusu ya yi tasa fassarar a kan zanen. Ki fassara daga asalin, kada ki bi gurɓatacciyar kina faci. Ki tabbata allon rubutun wayarki na fitar da ɓ, ɗ, ƙ, sannan bayan kin sauke fayil ɗin ki buɗe shi ki duba sun fito kafin a kai wurin bugawa.